Matuƙi Ke Kai Labari

Mutumin da ya yi mini alkawarin ɗaki a Landan bai zo tarbata ba, wayarsa kuma a kashe. Bahaushe ne ɗan'uwana, a wani zauren hira na waya na same shi, bakinsa zaƙi kamar rake, kowace magana sai ya rufe ta da in sha Allahu. Na ja akwatina na bi adireshin da ya ba ni har Old Kent Road, sai na tarar da wani tsohon sito da aka mayar coci, ana ta kiɗa a ciki. Na zagaya ginin sau biyu ina duba lamba, wai ko idona ne. Ba idona ba ne, damfara ce aka yi mini tun kafin in san gabas da yamma.

Wata Bayarabiya mai shagon kayan miya ce ta ga ina ta safa da marwa a cikin yayyafi, ta kira ni da Hausar Sabon Garin Kano ta ce in shigo in sha ruwan zafi. Ba ta yi mini dariya ba, ko da yake na cancanta. Ita ta rubuta mini sunan wani dattijo ɗan Indiya a Deptford, Mista Murugan, mai gyaran agogo da rediyo, ta ce yana da ɗaki a saman shagonsa tun da matarsa ta rasu. Ta ƙara da cewa duk ranar da na so aikin ɗaukar kaya in dawo wurinta.

Sunana Habibu, mutumin Yawuri. Malamin kimiyya ne ni a kwaleji kafin in samu gurbin digiri na uku a wata jami'a kusa da Aldwych, a kan yadda mai ke ƙonewa a cikin injin roka. Mahaifina ɗan fito ne, ya ƙare rayuwarsa yana tsallakar da mutane da buhuna da awaki a kogin Kwara. Bai taɓa shiga aji ba, amma tun da aka ce masa karatuna ya shafi abin da ke tashi sama, ba wanda ya ƙara hutawa a bakin ruwa. Duk fasinjan da ya shiga jirginsa sai ya ji cewa na uban na ruwa ne, na ɗan kuwa na sama.

Baba yana da wata doka guda, kuma na ga ranar da ya kafa ta. Ina da shekara goma guguwa ta kifar masa da jirgi ranar kasuwa. An tsamo kowa sai wani magidanci ɗaya daga tsibiri. Mutane suka ce Baba ya zauna, za a tura wani dattijo ya sanar da iyalan. Ya ƙi. Da jiƙaƙƙun kayansa, ba takalmi, ya ari kwalekwale ya tafi da kansa, ya tsaya a ƙofar gidan ya faɗa musu da bakinsa. Da ya dawo ya ce mana matuƙi ke kai labari, ba fasinja ba, ba ɗan kallo ba. Mun ji wannan magana har ta gundure mu, ko kwano ka fasa sai ka zo ka faɗa kafin wani ya riga ka.

Ɗakin Mista Murugan ƙarami ne, amma tsaf. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: wani hoto da ke rataye a bango, na wani tsoho mai dogon farin gashi da ya sauko masa har kunne, yana murmushi, an zagaye shi da sarƙar furanni ruwan ɗorawa. Da na duba alƙibla a wayata, sai ta faɗa daidai kan wannan bango. Mai gidan Bahindu ne, na ga 'yar tokar da yake shafawa a goshi, don haka ban tsaya tambaya ba, na yanke hukunci cewa wani bokansu ne da suke bauta wa. Na juya hoton ya fuskanci bango, na yi sallata.

Daga nan muka shiga wani yaƙi marar magana. Kowace Asabar dattijon zai hau bene da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa sabbin furanni, ya juyo da hoton. In na dawo in mayar. Haka kuma kowace safiya sai in tarar da kwano a ƙofata, wata irin masa tasu fara sol marar mai, da miyar wake mai tsami. Zuciyata ta ce mini ai wannan abincin sai da aka fara ajiye shi gaban hoto. Sai in marmashe masar a bakin taga tantabaru su cinye, in juye miyar, in wanke kwano in mayar da godiya. Wata uku ina haka, ina kwana da burodi da ruwan shayi, tantabarun Deptford kuwa suka yi ƙiba da ladan tsoho.

Ranar da ya kama ni, ya shigo ne ya gyara mini abin ɗumama ɗaki. Ya ga hannuna a taga da masarsa, ya ga hotonsa a juye. Na so ƙasa ta tsage. Bai ɗaga murya ba, da Turancinsa mai kaɗa kai ya ce:

"Wannan da kake juya wa fuska, alƙiblar nan da kake kallo shi ma ita yake kallo in zai yi salla. Musulmi ne kamarka. Mahaifinsa limami ne, kuma mai jirgin fito."

Ya faɗi sunan sau ɗaya. Na san sunan sarai, yana cikin littattafan da na karanta, injiniyan da ya jagoranci rokar farko da ta kai wa Indiya tauraron ɗan'adam sama, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Fuskar ce ban taɓa gani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ga ni ɗalibin roka ina ta kifa ubangidan sana'ata a bango. Daga ranar bai sake kama sunan ba, Malam kawai yake cewa, irin alkunyar da iyayenmu mata ke yi wa ɗan fari, ni ma sai na ɗauka. Da kansa ya cire ƙusar, ya mayar da hoton bangon da ke bayana in na ta da salla. Game da masar kuwa, cewa ya yi shinkafa ce da gishiri, ba a nuna wa kowa ita ba sai tukunya.

Tun daga nan na riƙa zama da shi a shago ranar Lahadi da rana, yana buɗe cikin agogo da gilashi a ido ɗaya, yana ba ni labari. Ashe yana saurayi ya yi aikin ƙira a ma'aikatar da ake haɗa rokar, ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikata masu juya ƙarfe a inji. Ya ce Malam ɗan wani tsibiri ne a kudancin ƙasarsu, ubansa na tsallakar da masu ziyarar ibada ta Hindu a jirginsa, shi kuma yana yaro yana rarraba jaridu kafin ya tafi makaranta. Burinsa ya tuƙa jirgin yaƙi, aka ɗauki mutum takwas ya zo na tara. Bai yi aure ba. Da ya sauka daga mulki ya koma koyarwa, kuma a tsaye gaban ɗalibai ya yanke jiki ya faɗi, ajali ya same shi. Abin da ya bari littattafai ne da 'yan tufafi. Ni da nake da tsiwa, wata rana na ce masa ai har makamai masu linzami Malam ya ƙera, waɗannan kuwa ba don raba alewa aka yi su ba. Ya daɗe yana kallon agogon hannunsa, sannan ya ce haka ne, wannan ma yana cikin kayan da ya tafi da su, shi dai abin da ya gani da idonsa yake iya faɗa.

Kowace Juma'a bayan masallaci nakan gangara bakin kogin Thames in jira kiran gida. Ƙanwata Hajara, malamar asibiti, ita ke riƙe wa Baba waya. In ruwa ya janye, taɓon wurin yana wari sak irin na bakin Kwara, sai kewar gida ta kama ni. Baba ba ya tambayar dusar ƙanƙara ko gidan sarauniya. Kogin yake tambaya. Da na ce masa ruwan nan yana cika yana janyewa sau biyu a yini, ya ce wannan kogi ba shi da alkawari, in yi hankali da shi. Na ba shi labarin Malam, ɗan mai fito da ya zama shugaban ƙasa. Ya sa na maimaita sau uku. Hajara ta ce washegari duk bakin ruwa ya ji, har an fara tsokanarsa da uban shugaban ƙasa.

Karatu kuwa ya ƙi ni. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Na zo da lissafin allo, na tarar da yara sa'o'in ƙannena suna sarrafa kwamfuta kamar da ita aka haife su, girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. A gida ni ake tambaya, a nan sai na ji kunyar ɗaga hannu. Bayan shekara da rabi na zauna gaban malamai uku don su tantance ko aikina ya isa ya ci gaba, suka ce bai isa ba, suka ba ni wata uku. Na sake zama, suka sake cewa haka, cikin ladabi mai sanyi irin nasu, har da tambayata ko ina son ruwa. Na fito na tsaya a Aldwych, motocin bas na ta wucewa, na kasa tuna lambar wadda ke zuwa gida.

Na ɗaukaka ƙara, wanda ya ba ni damar zama kafin a yanke hukunci. Na ce wa kaina ba ƙarya nake yi wa Baba ba, jira nake. Juma'a ta zo, ya tambayi jirgin sama, na ce ana nan ana fama. Ta biyu ta zo, na ce haka. Na koma wurin Bayarabiyar nan ina sauke buhunan gari da kwalayen busasshen kifi, amma kullum da safe sai in sa kwat in rataya jaka, don kada Mista Murugan ya gane. Mutum ɗaya na faɗa wa, Faisal, ɗan wani attajirin garinmu da ke da flat a Landan, shi ma don ina neman sunan lauya ne. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam Habibu, don't worry, ko an yi withdraw ɗinka ai sai ka yi apply wani wuri. Ba wanda zai ji." Ba mugun yaro ba ne, bakinsa ne ba shi da murfi.

Wata biyu ana haka. Wata Lahadi Mista Murugan ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya ce katin shiga jami'ata ya yi makonni a rataye a ƙusa, kuma ɗaliban roka ba sa dawowa gida da warin kifi. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai. Ya tambaya ko mahaifina ya sani, na ce a'a.

Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce rokar farko da suka yi shekaru suna haɗawa, Malam na jagorantar aikin, ta tashi kowa na tafi, ba a jima ba ta karkace ta faɗa teku. Ya ce ya ga manyan mutane masu furfura suna kuka kamar yara. 'Yan jarida na jira a waje da wuƙaƙensu. Shugaban ma'aikatar gaba ɗaya, wanda ke sama da Malam, ya tashi ya fita ya tsaya gabansu ya ɗauki faɗuwar a kansa. Da shekara ta zagayo aka yi nasara, sai ya tura Malam ya je ya yi bayani. Abin da ya fi burge dattijon shi ne, Malam bai taɓa binne wannan rana ba. Har ya zama shugaban ƙasa, har ya tsufa, yana tsayawa gaban 'yan makaranta yana ba su labarin ranar da rokarsa ta faɗa ruwa.

"Ban rataya masa fure don roka ta tashi ba," in ji shi. "Na rataya masa ne don wadda ta faɗi. Kira mahaifinka."

Na ba shi labarin dokar Baba, ina faɗa ina jin kunyar kaina. Ya ce to ai ban da abin da zan koya daga Indiya, a gidanmu aka fara. Na yi masa alkawari zan faɗa. Ya ce yau. Na ce Juma'a, don ita ce ranar wayarmu, kuma ina so in tsara maganar yadda ba za ta yi wa tsoho nauyi ba. Har takarda na ɗauka na rubuta yadda zan fara.

Ranar Laraba da hantsi ina cikin siton Bayarabiyar wayata ta yi ƙara, lambar Hajara. Ba ranarmu ba ce. Ta ce, "Yaya, ga Baba," muryarta a ƙasa. Daga baya na ji yadda aka yi: Faisal ya je gida hutu ya faɗa wa mahaifinsa, shi kuma Alhaji ya tare Baba a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya yi masa jaje da zuciya ɗaya.

Baba bai amsa gaisuwata ba.

"Habibu, jirgi ya kife?"

"Ya kife, Baba."

"Yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

Ina jin kukan injin wani jirgi a bayansa.

"Wa ke tuƙi?"

"Ni ne."

"To me ya sa na ji a bakin fasinja?"

Takardar da na rubuta tana aljihuna. Ban ko ciro ta ba. Ya ce kifewa ba komai ba ce, shi ma ya kife, kogi ba ya jin kunyar kowa. Sannan ya miƙa wa Hajara waya.

Juma'ar da ta biyo na tsaya a bakin Thames na kira, Hajara ta ce yana kan ruwa. Ta gaba ta ce yana barci. Na san Baba, ba ya barcin rana. Na aika saƙon murya mai tsawo ina ba shi haƙuri, ta ce ta kunna masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce a ajiye. Ta ce ya daina zama a rumfar bakin ruwa inda ake hira, in ya sauke fasinja sai ya wuce gida. Hukuncin ƙarata ya fito, ba a karɓa ba, aka ba ni wa'adin barin ƙasa. Wallahi na ji sanyi a raina, na ce gara haka, zan je in durƙusa gabansa da ƙafata in faɗa masa tun daga farko, ko da labarin ya tsufa. Na yi booking na jirgin da zai tashi bayan kwana goma sha biyu.

Saura kwana biyar, ranar wata Talata da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina jera kwalaye a bayan shago, Bayarabiyar ta leƙo ta ce ana sallama da ni. Na fito na ga Mista Murugan a tsaye a bakin ƙofa. Mutumin da hawa bene ɗaya ke gagararsa, ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya hau bas, ya sauka a tashar da ba ita ba, ya tako sauran da ƙafa ba laima. Rigarsa ta manne masa a jiki, ruwa na zuba daga gashinsa, tokar goshinsa ta wanke ta gangaro. Ina ganinsa a jiƙe haka, sai na ga kamar Baba ne a ƙofar gidan mutanen tsibiri, na gane tun bai yi magana ba.

Hajara tana da lambar shagonsa tun wani lokaci da wayata ta lalace. A wurinmu ba a faɗa wa mutum rasuwa ta waya yana shi kaɗai, sai a nemi babba a kusa da shi. Duk faɗin Landan, babban da ta sani ke nan. Ta roƙe shi ya sami wani Bahaushe ya faɗa mini. Ya ce mata shi zai je.

Ya kama hannuwana biyu, nasa sun yi sanyi ƙalau.

"Ɗana, mahaifinka ya rasu yau da safe. Ya ɗaure jirginsa, ya zauna a kan tudu, bai tashi ba. An riga an kai shi."

Na yi salati, na zauna a kan buhun gari na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ya tsaya a kaina yana ɗiga, bai ce in yi haƙuri ba. Da na sami numfashi, tambaya ɗaya na yi masa, ko Hajara ta ce Baba ya bar mini wata magana. Da dattijon ya so, da ya ƙirƙiro mini wata mai daɗi, kuma da na riƙe ta har in mutu. Ya girgiza kai ya ce ta ce bai bar komai ba.

Ranar da zan tafi ya tambaye ni hoton Baba, wai zai sa shi kusa da na Malam, ɗan fito da ɗan mai fito a bango ɗaya. Na ce masa mu ba ma rataya wa mamaci fure, addu'a muke yi. Ya ce to in yi addu'ar, shi zai riƙe hoton ba fure. Na tura masa guda ɗaya da nake da shi, Baba a tsaye a gindin jirgi da gora a hannu, ya runtse ido saboda rana. Ya ƙunsa mini masa shida a takarda, ya ce wannan karon ban da tantabaru.

Na koma kwalejin da na baro, ina koyar da abin da na saba. Duk shekara in sabbin ɗalibai suka zo, kafin in taɓa allo nakan faɗa musu cewa na je Landan neman digiri na faɗi, in ba su labarin rokar da ta faɗa teku, da na ɗan fiton da ya tafi da jiƙaƙƙun kaya. Sukan yi tsit, wasu su yi dariya a ɓoye, ban damu ba. Na faɗa wa ɗaruruwan yara yanzu, da bakina, ba wanda ya riga ni. Mutum ɗaya ne ya kamata ya ji daga gare ni, kuma na tsaya jiran Juma'a.